Yadda Ake Shigar da Sunayen Wurare Cikin Taswirar OpenStreetMap: Misali Daga Gawon Nama a Sakkwato

Idan aka ce wa ɗan kabu-kabu a Sakkwato ya kai mutum Gawon Nama, ba ya buƙatar ƙarin bayani. Ya san wajen asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ake nufi, kuma ya san ta inda zai yanke ya kauce wa cunkoso. Wayar da ke aljihun fasinja kuwa ba ta san komai ba sai abin da wani ya zauna ya rubuta mata. Idan ba a saka sunan unguwa a taswira ba, ko aka saka shi a inda ba nan yake ba, to a wajen manhaja babu wannan unguwar. Mai kai saƙo zai yi ta kira yana tambayar kwatance, baƙon da ya kawo maras lafiya daga Illela ko Tambuwal zai yi ta zagaye, ma'aikacin agaji kuma zai tsara aikinsa a kan taswirar da ke da giɓi.

Hanya mafi sauri ta cike wannan giɓi ita ce a ɗauko jerin sunayen wurare da wata hukuma ko ƙungiya ta riga ta tattara, a zuba shi cikin taswira a dunƙule. Wannan makala za ta yi bayanin yadda ake yin hakan a OpenStreetMap, inda ake samun irin waɗannan sunaye a Najeriya, da dalilin da ya sa aikin da ake ganin na minti goma ne yake ɗaukar makonni idan ana son a yi shi daidai.

Mece ce OpenStreetMap?

OpenStreetMap, wadda ake taƙaitawa da OSM, taswirar duniya ce da 'yan sa-kai ke ginawa, kamar yadda ake gina Wikipedia. Wani ɗan Ingila mai suna Steve Coast ne ya fara ta a shekarar 2004, kuma a yau mutanen da suka yi rajista a cikinta sun haura miliyan 10. Kowa na iya buɗe asusu kyauta ya ƙara titi, masallaci, kasuwa ko sunan unguwa. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps, waɗanda ke aiki ko babu data, a kanta suka dogara. Manyan kamfanoni kamar Meta da Amazon suna amfani da bayananta, haka ma ƙungiyoyin agaji kamar MSF da Red Cross. Wato kuskure ɗaya da aka saka a OSM yana iya bayyana a wurare da dama da wanda ya saka shi bai taɓa tunani ba.

A cikin OSM, wuri ɗigo ne da ke da lambobi biyu na matsayi, latitud da longitud, tare da wasu laƙabobi da ke bayyana ko mene ne shi. Laƙabin name shi ne sunan da mutanen wurin ke kiransa da shi. Laƙabin place yana faɗin girmansa: city ga birni kamar Sakkwato, town ga gari, village ga ƙauye, hamlet ga 'yan gidaje kaɗan, sai suburb, quarter da neighbourhood ga unguwannin cikin birni daga babba zuwa ƙarama. Akwai kuma name:ha domin sunan Hausa, name:en domin na Turanci, alt_name domin wani salon rubuta sunan, da old_name domin tsohon suna. Waɗannan laƙabobi ne injin bincike na OSM, mai suna Nominatim, ke dubawa idan mutum ya rubuta suna yana nema.

Ina ake samun sunayen?

Tushe na farko, kuma mafi tsufa, shi ne kundin GNS na hukumar NGA ta gwamnatin Amurka. Kundi ne na sunayen wurare na ƙasashen duniya, kuma da yake aikin gwamnatin tarayyar Amurka ne, babu haƙƙin mallaka a kansa. Saboda haka ne a shekarun farko na OSM aka kwashi ɗimbin sunayen garuruwan Afirka daga cikinsa. Har yanzu wanda ya danna wasu ƙauyuka a taswirar zai ga an rubuta GNS a matsayin inda aka samo su. Yawancin sunayen kundin daga tsofaffin taswirori aka kwafe su, don haka rubutunsu irin na zamanin Turawa ne.

Tushe na biyu ya samo asali ne daga yaƙi da cutar shan inna. Da farko ma'aikatan rigakafi a Arewa da taswirar da aka zana da hannu suke fita aiki, wadda kan bar rugage da ƙananan ƙauyuka a baya, yaran wurin su rasa allura. Daga wajen shekarar 2012 aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, ana kuma tura mutane da wayoyi masu GPS su je kowane gari su ɗauki matsayinsa su tambayi sunansa. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Kano, tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki, kuma a 2014 ta ba da izini aka fara shigar da sunayen garuruwa da ƙauyukan jihar Kano da ta tattara cikin OSM. Wannan shi ne misali mafi kusa da gida na irin aikin da ake magana a kai. Daga baya shirin GRID3, wanda aka ƙaddamar a 2018, ya ɗora a kan bayanan rigakafin, ya fitar da kundayen sunayen garuruwa, asibitoci, makarantu da iyakokin mazaɓu na Najeriya a intanet. A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, amma taswirorin da aikin ya haifar suna nan ana cin moriyarsu.

Tushe na uku shi ne jerin rumfunan zaɓe na hukumar INEC. Tun bayan ƙarin da aka yi a 2021, rumfunan sun kai 176,846 a mazaɓu 8,809. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kuma sunayen rumfunanta cike suke da sunayen shiyoyi, domin a Sakkwato abin da Bakano zai kira unguwa sau da yawa shiya ake ce masa. Ga mai neman sunayen cikin gari, wannan jeri taska ne. Sai dai rumfar zaɓe daban, unguwa daban, kuma za a ga illar haɗa su a gaba.

Akwai kuma GeoNames, kundin da aka fara a 2005 wanda masu gina manhaja da yawa suka sani. Yana da sauƙin saukewa, amma ya haɗo bayanai daga tushe iri-iri, abin da ke sa da wuya a tabbatar da asalin kowane suna.

Lasisi kafin komai

Kuskuren da sababbin masu shirya manhaja suka fi yi shi ne ɗaukar cewa duk abin da aka sauke kyauta a intanet ana iya yin yadda aka ga dama da shi. Tun watan Satumba na 2012 bayanan OSM suna ƙarƙashin lasisin ODbL, wanda ya ba kowa damar ɗauka ya yi amfani da su har a kasuwanci, muddin ya ambaci OSM. Saboda haka duk abin da za a zuba a ciki dole mai shi ya yarda da wannan sharaɗi.

Bayanan da babu haƙƙin mallaka a kansu, kamar na GNS, ba su da matsala. Waɗanda ke ƙarƙashin CC BY 4.0, kamar GeoNames da kundaye da dama na GRID3, suna kama da waɗanda suka dace, amma a 2017 gidauniyar OSM ta bayyana cewa sai mai bayanan ya sa hannu a wata 'yar takardar sassauci kafin a shigar da su, saboda wasu sharuɗɗan lasisin biyu ba su jitu ba. Bayanan da hukumar gwamnati ta wallafa ba tare da ta faɗi lasisi ba kuwa, sai an rubuta mata an samu izini a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukuma, amma damar gani ba ta nufin damar sake rarrabawa. Google Maps kuma haramun ne a kwafi ko suna ɗaya daga cikinta. Idan aka gano an zuba bayanai ba da izini ba, kwamitin kula da bayanai na OSM yana goge su, kuma gyare-gyaren da wasu suka ɗora a kai suna iya tafiya tare da su.

Abubuwan da fayil ba ya faɗa

A ɗauka an samu izini, kuma ga fayil ɗin CSV mai ɗauke da sunayen unguwannin Sakkwato, kowane layi da suna da lambobi biyu. Nan ne ainihin aikin yake farawa.

Matsala ta farko ita ce matsayi. Tsofaffin bayanan GNS da yawa an taƙaita lambobinsu zuwa minti ɗaya na digiri, wanda ya kai kusan kilomita 1.85 a ƙasa. Wato ɗigon yana iya kaucewa da kusan mita 900 ta kowace fuska. A daji inda ƙauye ɗaya ne a kewayen, mutum zai iya gano shi a hoton tauraro ya ja ɗigon zuwa kansa. A cikin birni kuwa, mita 900 ta isa ta cire suna daga unguwarsa ta ɗora shi a kan ta maƙwabta. Haka kuma tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya da ma'aunin Minna aka yi su, alhali OSM da GPS suna amfani da WGS84. Idan ba a juya lambobin daga wannan ma'auni zuwa wancan ba, komai zai goce da gomman mitoci. Sai kuskure mafi ban dariya: birnin Sakkwato yana wajen digiri 13 arewa da digiri 5.2 gabas, kuma wasu nau'o'in fayil kamar GeoJSON longitud suke fara rubutawa kafin latitud. Wanda ya musanya su zai tarar da Gawon Nama da Mabera da Arkilla duk sun sauka a tsakiyar ƙasar Kamaru.

Matsala ta biyu ita ce rubutu. Suna ɗaya kan zo a matsayin Gawon Nama a wannan fayil, Gawon-Nama a wancan, Gawo Nama a wani. Bahaushe ya san gawo bishiya ce, kuma harafin n ɗin da ke ƙarshe shi ne ke haɗa kalmomin biyu, don haka ya san wanne ne daidai. Kwamfuta kuwa wurare uku take gani. Haka Wamakko da Wamako, Tambuwal da Tambawal. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa: fayilolin hukuma kusan duk Kofar Marke da Kofar Atiku suke rubutawa, alhali a Hausa ƙofa ce. OSM tana karɓar ƙ, ɗ da ɓ ba tare da matsala ba, amma idan aka buɗe fayil a Excel aka ajiye shi ba a tsarin UTF-8 ba, waɗannan haruffa kan rikiɗe su koma alamar tambaya. Mafita ita ce a bar name ya bi abin da ke rubuce a allunan wurin kuma mutane suka saba gani, a saka cikakken rubutun Hausa a name:ha, sauran salon kuma a alt_name, domin duk yadda mutum ya rubuta ya samu. Ta haka ne Sokoto da Sakkwato ke zaune a ɗigo ɗaya. Da an tsallaka iyaka zuwa Nijar abin yana ƙara fitowa fili, domin can da salon Faransanci ake rubutu: Birni N'Konni, Dogondoutchi, Tessaoua. Wanda ya goge waɗannan ya mayar da su Birnin Ƙonni, Dogon Dutse da Tasawa a babban laƙabin suna ya ɓata wa mutanen can aiki, domin allunansu da takardunsu ba haka suke ba. Wurin sunan Hausa shi ne name:ha.

Matsala ta uku ita ce maimaici. Taswirar ba fanko take ba. Wataƙila wani ɗalibi ya riga ya saka unguwar shekaru biyar da suka wuce, ya ɗora ɗigon a daidai wurin da ya sani da ƙafarsa. Idan aka zuba fayil ba tare da an duba ba, sunan zai fito sau biyu, manhajar nuna hanya kuma ta zaɓi wanda ta ga dama. Shi ya sa ake gwada kowane sabon ɗigo da waɗanda ke kusa da shi. Gwada suna kaɗai ba ya wadatarwa, domin Tudun Wada da Sabon Gari kusan kowane gari na Arewa yana da nasa, Illela kuma akwai ta Sakkwato akwai ta jihar Tawa a Nijar. Sai an haɗa kamannin suna da kusancin wuri, sannan mutum ya duba da idonsa. Idan bayanin da ke taswira ya saɓa da na fayil, ƙa'idar OSM ita ce abin da ke ƙasa shi ne gaskiya, kuma aikin wanda ya je wurin ya fi na kundi ƙarfi.

Matsala ta huɗu ita ce darajar wuri. Kundayen rigakafi duk inda mutane ke zaune mazauni suke kiransa, ko birni ne ko ruga. Idan aka mayar da kowane layi place=village, sai Gawon Nama ta zama ƙauye a tsakiyar birni, adireshin da manhaja za ta fitar kuma ya zama shirme. Ga shi birnin Sakkwato ya daɗe da wuce iyakar ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya shiga Wamakko, Dange Shuni da Kware. Kalambaina da Kwannawa da suke bayan gari a da, yanzu gari ya kai gare su. Wace ce unguwa, wane ne gari mai zaman kansa? Babu fayil da zai amsa wannan, sai ɗan gari.

Matsala ta biyar ta shafi sirrin mutane. Rumfunan zaɓe da wuraren rigakafi da yawa da ƙofar gidan wani ake kwatanta su. Sunan ƙauye da ya fara da Gidan, kamar Gidan Madi, sunan wuri ne da kowa ya sani. Amma ƙofar gidan wani bawan Allah da ke raye kwatance ne kawai, kuma ɗora sunansa a kan gidansa a taswirar da duk duniya ke gani na iya jawo masa abin da bai nema ba, musamman a wannan lokaci na matsalar tsaro. Irin waɗannan layuka cire su ake yi. Haka kuma a gabashin jihar, wajen Sabon Birni da Isa, akwai ƙauyukan da mutane suka bari saboda hare-haren 'yan bindiga. Fayil ɗin da aka tattara shekaru goma baya bai san da wannan ba.

Matakan yin aikin

OSM tana da ƙa'idojin shigar da bayanai a dunƙule, kuma wanda ya tsallake su ana iya mayar da aikinsa baya a kuma rufe asusunsa. A taƙaice ga yadda suke:

1. A tabbatar da lasisi, a ajiye takardar izini inda kowa zai iya gani.

2. A tuntuɓi masu taswira na yankin tun kafin a taɓa komai. Idan ba su amince ba, ba a ci gaba.

3. A rubuta tsarin aikin a shafin wiki na OSM: tushen bayanan, shekarar da aka tattara su, yadda kowane shafi na fayil zai koma laƙabi, da yadda za a magance maimaici. Sannan a gabatar da shi ga jama'ar OSM a ba su lokaci su yi gyara.

4. A buɗe asusu na daban domin wannan aiki kaɗai, saboda idan an samu matsala a iya ware shi cikin sauƙi.

5. A tsabtace fayil a QGIS ko da 'yar manhajar Python: a juya shi zuwa WGS84, a gyara sunayen da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla, a buɗe taƙaitattun kalmomi kamar S/Gari da T/Wada, a zubar da shafukan da ba su da amfani.

6. A sauko da wuraren da ke taswira a yanzu ta Overpass Turbo, a buɗe su tare da sabon fayil a JOSM, a gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan hoton tauraro.

7. A ɗora kaɗan-kaɗan. OSM tana karɓar abubuwa har 10,000 a ƙunshin gyara ɗaya, amma hikima ita ce a bi mazaɓa-mazaɓa, kowace a hannun wanda ya san ta, tare da bayanin abin da aka yi.

8. A dawo a duba bayan an gama, a amsa duk wanda ya yi ƙorafi.

Inda sunayen ba su da yawa, kamar unguwannin birni ɗaya, ya fi kyau a mayar da fayil ɗin jerin ayyuka a MapRoulette, kowane suna ya zama aiki ɗaya da mutum zai duba ya amince ko ya ƙi. Ta haka fayil ɗin yana tunatarwa ne kawai, hukuncin kuma yana hannun mutane.

Darasi daga Amurka

A shekarun 2007 da 2008 aka zuba kundin titunan Amurka mai suna TIGER cikin OSM gaba ɗaya. Cikin 'yan watanni taswirar ƙasar ta cika, amma tituna da yawa a karkace suke, wasu ma babu su a ƙasa, kuma an shafe shekaru fiye da goma ana gyara. Abin da aka koya shi ne taswirar da ke da giɓi tana kiran mutane su cike ta, wadda ta cika da kuskure kuwa kowa gani yake an gama, ba mai komawa kanta. Mafi yawan tsauraran ƙa'idojin da ake bi a yau daga irin wannan darasi suka fito.

Ga Sakkwato da sauran biranen Arewa, bayanan da aka tattara da kuɗin jama'a suna nan, kuma asara ce a bar su a kwance cikin fayiloli alhali ana buƙatarsu a waya. Amma da ɗan gari akan ci gari. Matashin da ke zaune a Gawon Nama, Runjin Sambo ko Gidan Igwai ba ya buƙatar jiran wani kundi: zai iya shiga openstreetmap.org ya nemi unguwarsa, ya ga ko tana nan, ko an rubuta ta daidai, ko ɗigon yana inda ya kamata. Idan akwai gyara, minti biyar sun isa a editan iD da ke cikin shafin, ko a manhajar Every Door ko Vespucci a wayar Android. Idan irin waɗannan mutane suka yi yawa, duk ranar da aka tashi shigar da babban kundi za a samu waɗanda za su tantance shi suna bayan suna.